Ƙauyen Bakin Dam: Labarin Ruwa a Ƙasar Kabo da Gwarzo

Mutumin da ya bar ƙasar Kabo yana yaro a zamanin Gwamna Audu Bako, in ya komo gida yau, akwai wuraren da zai tsaya ya riƙe baki. Inda ya san rafi mai yashi, wanda mata sukan tona da ƙoƙo a watan Maris kafin su cika tulu ɗaya, yanzu ruwa ne shimfiɗe, har da kwalekwale a kansa. Yaran da aka haifa a bakin wannan ruwa suna tsammani haka wurin yake tun farkon duniya. A wannan wata muna so mu ba ku labarin ƙauyukan nan na bakin dam, da ƙasar da suke ciki, da yadda ruwa ya zo ya same su. Muna kuma so mu faɗi wata magana mai nauyi: ruwan nan yana iya tafiya kamar yadda ya zo, kuma a hannun gidajen da ke bakinsa abin yake.

Inda ƙasar take

In ka tashi daga birnin Kano ka nufi yamma ta hanyar Gwarzo, za ka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ka wuce Rimin Gado, ka shiga ƙasar Kabo. Gaba kuma sai Gwarzo, wadda ke wajen kilomita 70 daga birni. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Dayi a Jihar Katsina. Maƙwabciyarsu ta wajen kudu ita ce Karaye. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 180,000 a ƙaramar hukumar Gwarzo, fiye da 150,000 kuma a ta Kabo, yawancinsu manoma.

Ƙasa ce mai hawa da gangara. Akwai jigawa inda ake shuka gero da gyaɗa da wake, akwai ƙasa mai ƙarfi ta dawa da masara da auduga, akwai kuma fadama a kwari inda rake da shinkafa ke yi. Ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya suna tsaye cikin gonaki, rimi kuma yakan nuna wa matafiyi inda tsohon gari yake.

Amma in ka haƙa ƙasar nan, ba ka yin nisa sai ka tarar da dutse mai tauri. Dutsen ba ya shan ruwa sai ta inda ya tsage ko ya ruɓe. Don haka rijiya takan ba da ruwa da kaka, ta ja baya da rani, wata ma ta ƙafe ƙaf da bazara. Ruwan sama kuwa wata huɗu ne ko biyar, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. A 'yan watannin nan ruwa yakan sauko da yawa, ya bi gangara a guje, ya cika rafuka, ya wuce. Rafukan duka suna zuba cikin Kogin Chalawa. Chalawa ya haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya haɗu da na Jama'are, su nufi Tafkin Chadi. Ashe ruwan da ya zubo daga indararon gidanka a Garo ko Getso doguwar tafiya ce a gabansa.

Mutanen dā

Tun kafin zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru akwai garuruwa a nan. Getso da Godiya da Karaye tsofaffin garuruwa ne, sunan Karaye ma yana cikin tarihin sarakunan Kano tun zamanin yaƙe-yaƙen Kano da Katsina, gama nan ce iyakar ƙasashen biyu. Wanda ke zaune a bakin iyaka ba ya barci da ido biyu rufe, saboda haka mutane suka kewaye garuruwansu da ganuwa.

Sa'ad da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso ƙasar Kano, bayan 1804, a yammacin nan ne jama'ar suka fara taruwa, a wani wuri da ake kira Kwazazzabo. An gwabza a Gammo da Kabo da Godiya da Karaye, kafin a kai ga faɗuwar Sarki Alwali a 1807. Ku riƙe sunan nan Kwazazzabo, za mu komo gare shi. Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso bayan 'yan shekaru, gyaɗa da auduga suka zama kuɗi.

Cikin dukan juyin nan akwai waɗanda suka zauna a gonakinsu suna bin al'adar kakanni, wato Maguzawa. Ba su cika zama cikin gari ba. Sukan gina babban gida a tsakiyar gona, da tsoho da 'ya'yansa da jikoki, a yi noman gandu tare, mace kuma tana da gayaunarta. Daga cikin gidajen nan ne yawancin masu bi na wannan yanki suka fito. Turawan Mishan na SIM sun sami shiga karkarar Kano a shekarun 1930 ta hanyar aikin jiyya, musamman na kutare. Daga baya suka zauna a Kabo, inda suka buɗe makarantar 'yan mata, wadda gwamnati ta karɓa sa'ad da ta karɓi makarantun mishan. Ekklesiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, masu bishara 'yan ƙasa suka ci gaba da shiga gida gida, a shekarun 1970 da 1980 kuwa gidaje da yawa suka karɓi bishara.

Kafin ruwa ya zo

Bari mu tuna yadda rani yake a dā, domin yaranmu su sani. Da an gama girbi, an kai hatsi rumbu, sai samari su ɗaure 'yan kayansu su tafi cin rani birni ko Kudu, don a rage bakin ci. Mata da 'yan mata su ne ke ɗauke da wahalar ruwa. Tun asuba a fita da tulu, a bi yashin rafi, a tona, a jira ya tsatso. Makiyaya su kora shanu zuwa kudu.

Wanda ya sha ruwan kududdufi kuma yakan gamu da kurkunu. Tsutsar takan yi kusan shekara a jiki, ta fito a ƙafa daidai lokacin da ake bukatar mutum a gona. A 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 600,000 a Nijeriya. Da tace ruwa, da haƙa rijiyoyi, da ƙoƙarin ma'aikatan lafiya na ƙauye, da taimakon mutane kamar Janar Yakubu Gowon da Jimmy Carter na Amurka, aka ga bayansa. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa babu sauran kurkunu a ƙasar. Wannan abin godiya ne ga Ubangiji, yana kuma koya mana cewa cutar ruwa ba ta fi ƙarfin mutanen ƙauye ba in sun haɗa kai.

In damina ta ƙi, sai yunwa. Kakanninmu sun ba da labarin Kakalaba ta wajen 1914. Iyayenmu kuma sun ga farin 1972 zuwa 1974 da idonsu, lokacin da dabbobi suka mutu, baƙi daga arewa suka cika garuruwa suna neman abinci.

Yadda aka tare rafi

An kafa Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama gwamnanta na fari har 1975. Shi da ma'aikatansa suka duba suka ga ƙasar ba ta rasa ruwan sama ba, wurin ajiye shi ne babu. Sai aka shiga tare rafuka. Aka yi Dam ɗin Bagauda, aka yi na Kusalla a Karaye, aka gama babban Dam ɗin Tiga a 1974. Waɗanda suka gaje shi suka ci gaba da aikin ta hannun hukumar ruwa ta jiha, wadda kowa ya sani da suna WRECA. A wajen 1979 da 1980 ne aikin ya iso wannan yanki sosai: Guzuguzu a ƙasar Kabo, da Magaga, da Pada, da Marashi wajen Gwarzo, da Watari a Bagwai.

Yadda ake yi ba wuya a gane shi. Akan nemi wurin da kwari ya matse tsakanin tudu biyu. A kawo yumɓu a daddaɓe shi a tsakiya don kada ruwa ya ratsa, a jibga ƙasa dama da hagu, a shimfiɗa duwatsu a fuskar da ke kallon ruwa don kada igiyar ruwa ta ci bangon. A gefe guda a bar mafita, domin in dam ya cika ruwa ya bi ta nan. In ya bi ta kan bangon, to, bangon ya tafi.

Babba a wannan yanki shi ne na Chalawa a ƙasar Karaye, wanda kamfanin Julius Berger ya gina daga 1990 zuwa 1992. Tsayin bangonsa mita 42 ne, tsawonsa kusan kilomita 8. Yana iya riƙe ruwa fiye da mita kubik miliyan 900, kowace mita kubik kuwa durom biyar ce. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke lura da shi.

Kada mu manta, ruwan nan bai zo kyauta ga kowa ba. Inda tafki yake yau, gonar wani ce dā. Fadamu masu kyau sun nutse, da itatuwa, da wuraren da aka binne iyaye, wasu gidaje kuma dole suka tashi. Can ƙasa kuma, wajen Haɗeja da Nguru, ambaliyar da manoma da masunta suka dogara gare ta kowace shekara ta ragu bayan an tare Tiga da Chalawa, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Mai shan ruwan dam ya kamata ya san akwai waɗanda suka biya kuɗinsa.

Zaman bakin ruwa

Ƙauyen bakin dam yana da kaka biyu. Bayan an girbe dawa, ruwa ya fara ja da baya, sai a bi shi da shuka. Dā da jigo ake ban ruwa, yanzu ƙarar injin ake ji tun safe. Tumatir, albasa, tattasai, attaruhu, kabeji, masarar rani, ga su nan kore shar a lokacin da sauran ƙasa ta yi fari da ƙura. Saurayin da dā zai tafi cin rani yana iya zama gida ya sami kuɗin aure a bakin ruwa. Uwa tana iya biyan kuɗin makaranta da kwandon tumatir.

Kifi ma ya zama abincin gida. Mutanen da kakanninsu ba su taɓa riƙe koma ba sun koyi jefa birgi da kafa ƙugiya daga masuntan da suka biyo ruwa suka zo. Ana kama karfasa da tarwaɗa, mata suna soyawa suna kai kasuwa. Yaron ƙauyen nan, in aka karanta masa labarin Bitrus da Andarawus a bakin Tekun Galili, ba ya bukatar a bayyana masa mene ne wankin taru, ko baƙin cikin kwana kan ruwa ba a kama kome ba.

Makiyaya kuma sun sami mashaya. A nan ne fa ake samun saɓani, gama inda shanu ke bi su sha, nan ne mai lambu ke so ya shuka. Ƙauyen da ya bar burtali a buɗe har bakin ruwa yakan zauna lafiya. Wanda ya nome shi yakan kwana a gaban alƙali.

Abin da ya biyo ruwa

Iyaye mata, wannan sashi naku ne musamman. Ruwan da ke kwance yana tara sauro, don haka gidan sauro ba abin wasa ba ne a bakin dam. Amma akwai wata cuta da ta fi ɓoyewa, wato tsargiya. Ga yadda take yawo. Mai cutar ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwai su fita tare da fitsarin su ƙyanƙyashe. 'Yan tsutsotsin su shiga jikin ƙananan katantanwa da ke manne a ciyawar bakin ruwa, su hayayyafa, su sake fitowa. Ido ba ya ganinsu. Yaro ya shiga wanka, ko mace ta tsaya wanki, sai su huda fata su shiga jini. Bayan wani lokaci sai a ga jini a ƙarshen fitsari.

Wasu sukan ce alamar girma ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne, 'yan'uwa. Ciwo ne, yana rage jini, yana sa yaro kasala a makaranta, in ya daɗe kuma yana lalata mafitsara da ƙoda. 'Yan mata ma suna kamuwa, sai dai kunya takan hana su faɗi. Akwai maganinsa, sunansa praziquantel, akan raba shi a makarantu, ana kuma samunsa a asibiti. Kada ku hana yaranku sha. Amma magani ba ya hana sake kamuwa, saboda haka kowane gida ya haƙa masai, a kuma koya wa yara kada su yi bawali ko bayan gida a bakin ruwa.

Sai kuma nutsewa. Mu mutanen tudu ne, yawancinmu ba mu iya iyo ba. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgin ruwa da ya ɗauko mutane daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife a Dam ɗin Watari. Mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Lodi ya yi wa jirgin yawa. Maƙwabtanmu ne, hawayen iyayensu kuwa daidai yake da namu. In jirgi ya cika, ku jira na baya. Kada a aiki ƙaramin yaro ɗiban ruwa shi kaɗai.

Tafki yana tsufa

A ƙasar Suwizalan, a gindin duwatsun Alps, akwai ƙauyuka da ke zaune bakin tafki tun zamanin kakannin kakanni. Ƙanƙara ce ta haƙa tafkunan nan shekaru dubbai da suka wuce, wasu zurfinsu ya kai ɗaruruwan mita. Namu ba haka suke ba. Hannun mutum ne ya yi su, ba su da zurfi sosai, da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ma sun girme su. Rana da iskar hunturu kaɗai sukan ɗauke ruwan da ya kai tsayin mutum daga kansu kowace shekara.

Babban maƙiyinsu kuwa shi ne ƙasa. Ku dubi rafi bayan ruwan farko: ja wur yake. Wannan jan, gonar wani ce ke tafiya. Dā takan wuce zuwa Haɗeja. Yanzu in ta iso dam, ruwa ya tsaya, sai ta kwanta a gindi. Kowace damina sabon shimfiɗi. Daga sama tafki yana nan yadda yake, amma cikinsa yana cika da laka, ruwan da yake riƙewa yana raguwa. Alamarsa ita ce ruwa ya riƙa ja da baya da wuri, mai lambu ya ƙara tsawon tiyo, wurin da dā ake wucewa da kwalekwale ya zama tsibiri.

Kun tuna Kwazazzabo? Sunan ya nuna cewa tun dā ƙasar nan mai saurin zaizaya ce. Amma yanzu mun ƙara mata. Mun sare itatuwa don girki da gawayi. Mun nome har bakin rafi. Muna kwashe kara da harawa duka, mu bar gona tsirara ruwan farko ya same ta. Muna yin kunya ta bi gangara, ruwa ya sami hanya. Hasara biyu ke nan a lokaci ɗaya: gonar tudu ta rasa ƙarfinta, dam kuma ya rasa zurfinsa. Yashe dam aiki ne mai tsada ƙwarai, ba kullum gwamnati ke iya yinsa ba. Hana ƙasa tafiya kuwa aikin fartanya ne.

Rijiyoyin Ishaku

A Littafin Farawa sura 26 akwai labarin da ya dace da mu. Ibrahim ya haƙa rijiyoyi, amma bayan rasuwarsa Filistiyawa suka cika su da ƙasa. Ishaku bai zauna yana kukan abin da ya ɓace ba. Ya sa aka sake tone su, ya kuma kira su da sunayen da mahaifinsa ya ba su. Da barorinsa suka sami sabon ruwa, makiyayan Gerar suka tasa musu da gardama. Ya bar musu, ya haƙa wata. Suka sake tasowa, ya sake matsawa. A ta uku ba wanda ya yi faɗa, ya sa mata suna Rehobot, wato wuri mai faɗi.

Mu ma an bar mana ruwan da ba mu haƙa ba. Bambancin kawai, ba abokin gaba ne ke cika namu da ƙasa ba, mu ne da kanmu, kaɗan kaɗan, ba da nufi ba. Batun gardama kuma, mu masu bi a wannan yanki 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, tare muke shan ruwa ɗaya. Wa'azin da maƙwabci zai fi saurin ji shi ne yadda muke yi a bakin ruwa: ko muna barin hanyar shanu, ko muna jan injin fiye da rabonmu, ko mu ne na fari wajen aikin gayya.

Abin da gida ɗaya zai iya yi

Maigida, bana ka bar 'yan taku tsakanin gonarka da bakin rafi ba nome, ka dasa jema ko gamba a wurin. Saiwarsu tana riƙe ƙasa, gamba kuma za ta ba ka zana. Ka yi kunya ta gicciye gangara. In ƙaramin kwari ya fara a gonarka, ka tare shi da duwatsu da ƙirare tun yana ƙarami, kada ka jira ya haɗiye jaki. Ka bar 'yan itatuwan da suka tsiro da kansu, musamman gawo. In kana su, kada ka sa taru mai ƙananan idanu, kada kuma ka zuba magani a ruwa. Gwangwanin maganin feshi ba a wanke shi a dam.

Zumuntar mata da ƙungiyar matasa za su iya renon dashe a bayan majami'a, mangwaro da darbejiya da ɗorawa, a dasa a watan Yuli, a ba masu unguwa da maƙwabta su ma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattawan Ekklesiya su je wurin dagaci su nemi a zauna tare da masunta da makiyaya da masu lambu kafin rani ya shiga, ba bayan an yi ɓarna ba.

A sujadar gida ta wannan mako, ku karanta Farawa 26 tare da yara. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidan, ku roƙe su su faɗi inda suke ɗebo ruwa kafin a yi dam, da tsawon tafiyar. Sa'an nan ku yi addu'a domin waɗanda gonakinsu suka nutse, domin iyayen da suka rasa 'ya'ya a ruwa, domin ma'aikatan da ke lura da madatsun nan, da kuma zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya a ƙasar Kabo da Gwarzo. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka. Amin.